Jinin da Ke Zuwa Kan Babur

Litinin, 8 ga Mayu, 10:40 na safe
Ɗakin bincike, Akara. Yanzu aka tashi daga taro. Dokta Amankwa ya tafa wa Selasi. Ni wata shida ina nan, abin da ya taɓa ce mini kawai shi ne rubutuna yana da kyau.

Abin da ta gano: PD-1, birkin da ke hana ƙwayoyin garkuwar jiki faɗa, ya fi yawa a jinin mata 14 masu kansar nono a kan na masu lafiya 9. In ya tabbata, wataƙila maganin da ke sakin birkin ya amfane su. Tare muka zo hidimar ƙasa. Mutum ɗaya za a riƙe.

Talata, 9 ga Mayu
Cikin masu lafiyar nan tara, ni ce lamba 4. Haka ake yi a nan, ma'aikata ke miƙa hannu a ɗiba. Da jinina za ta samu aiki.

Laraba, 10 ga Mayu
Anti Dede, wadda ta fi kowa daɗewa a wurin, ta tarar ina juya shinkafa da wake ban ci ba. "Ewurama, wa ya mutu? Da fuskar nan taki ai ba ma buƙatar firji."

Alhamis, 11 ga Mayu, 2:15 na rana
Ni ke rubuta lokacin da jini ya iso. Na marasa lafiya ana ɗibarsa ƙarfe takwas, sai an gama zagayen asibiti mai babur ke kawo shi, wajen ƙarfe ɗaya. Awa biyar. Namu minti ashirin. Ban san ko jira yana ƙara PD-1 ba. Selasi ma ba ta sani ba, ba ta ma duba ba.

Zan tambaya a taron Litinin, gaban kowa. A mota na yi ta maimaita tambayar a raina. Da daɗi.

Juma'a, 12 ga Mayu
Selasi ta zo da takardunta. "Ƙawata, duba mini kafin na kunyata, ke ce ba kya kuskure."

Ban san lokacin da na jawo littafin da nake rubuta lokacin isowar jini ba. Ta daɗe tana kallo.
"Tun yaushe kika gani?"
"Jiya."
"Kika kwana da shi? Muguwa." Tana dariya, idonta ya yi ja.

Litinin, 15 ga Mayu, 4:05 na yamma
Da bakinta ta faɗa a taro. Dokta ya ce wannan shi ne riƙon gaskiya, ya sake tafa mata. Sai da Anti Dede ta yi gyaran murya sannan Selasi ta ambaci sunana.

An raba jinin mutum ɗaya gida biyu, rabi ya jira awa biyar. Jinina ne. Sau biyu Selasi tana kuskuren jijiya, sai na riƙe mata wuyan hannu. Don kada ta ji mini ciwo ne kawai.

Abin da ban sani ba:
Ko jiran ne, ko cutar.
Ko matan 14 za su yarda a sake ɗiba.
Wa za a riƙe.
Wane sakamako nake so a samu gobe. Ranar Alhamis da ta wuce, na san wanda nake so.