Sunan da Na Kira a Kan Dutse

Glenwood, Greensboro
15 ga Janairu, 1995

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan kina lafiya. Yaya ƙafar taki, yaya mutanen gida? Mu ma lafiya lau, sai sanyin garin nan da ba ya jin magana.

Inna, na yi abin kunya, kuma gara ki ji daga gare ni.

Jiya Asabar Malam ya ture littattafansa ya ce mu je hawan dutse. Ni dai ban san abin da muka ajiye a can ba, amma kin san surukin naki in ya ƙwallafa rai. Tafiyar awa guda ce a mota. Na naɗe yaran nan biyu kamar ƙunshin goro, na sa wando a ƙarƙashin zani, na cika filas da kunun gyaɗa.

Ban taɓa ganin wuri irin wannan ba. Dusar ƙanƙara ta kwanta a kan komai. Itatuwa ba ganye, ba kukan tsuntsu ko ɗaya. Ruwan da ke gangarowa daga dutse ya daskare a tsaye, kamar an ce masa dakata. Ina tafiya ina jin kamar ban gama farkawa daga barci ba. Mubina na riƙe da hannuna, tana hura iska tana kallon tururin bakinta. Wanta, babban ɗan nawa, yana can gaba shi kaɗai, hannu a aljihu.

Dama kwanan nan haka yake. Malamarsu ta faɗa mini ya tambaye ta ko sunansa yana da wani aibu, tunda uwarsa ba ta taɓa faɗarsa ba. Abin ya tsaya mini a rai. Ta yaya zan fahimtar da ɗan shekara tara, haifaffen nan, kunyar ɗan fari? "Kai" nake ce masa, ko "yaro".

Muna dab da ƙoli gajimare ya sauko ya lulluɓe mu. Na ɗaga kai, babu yaron. Malam ya bi hanyar sama da gudu yana kira har muryarsa ta ɓace. Gefen hanyar kuwa rami ne mai zurfi. Na ce kai, na ce yaro, shiru.

Sai kawai na ji bakina ya buɗe. Uzairu. Na kira shi, Inna, da iya ƙarfina, sau uku ko huɗu, dutsen yana maido mini da shi. Ashe haka sunan yake da daɗi.

Ya fito daga bayan wani itace, bai fi taku ashirin da ni ba. Wai tun kiran farko ya ji ni, ya tsaya ne don in sake. Na ɗaga hannu in make shi, sai na tsinci kaina na rungume shi ina kuka. Haka ubansa ya dawo ya same mu. Ya kau da kai, ya shiga neman filas.

A hanyar dawowa ya yi barci a kafaɗata, ni kuwa tunaninki nake yi. Ni ce 'yar farinki, kuma shekara talatin da biyu ban taɓa shakkar ƙaunarki ba. Amma da na ga fuskar yaron nan, sai na tuna ban san yadda sunana yake a bakinki ba.

In autanki Ma'aruf ya kawo rikoda don ki aiko mini da amsa a kaset, ki kori kowa, ki rufe ƙofa, ki faɗe shi sau ɗaya. Ba wanda zai ji sai ni.

Ki gaida Baba da kowa da kowa. Allah ya bar mana ke.

'Yarki,
Sa'ida