Umma, Bana Ban Cinye Kwanon Inna Hansai Ba

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum, Umma. Bayan gaisuwa irin ta 'ya da uwarta, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da ke mun yi Babbar Sallah lafiya. Ita ce ta uku babu ke. Akwai abin da na yi bana wanda da kina nan sai kin yi mini faɗa, shi ya sa na ce gara ki ji daga bakina.

Wata biyu kafin Sallah jiri ya ɗebe ni a aji, ina tsaka da koyarwa. A asibiti likita ta auna ni, ta ce suga ya fara hawa, jini ma haka, kuma ƙibar nan sai na rage ta. Ban yi mamaki ba, don tela ya riga ta faɗa, kowace Sallah sai ya ƙara mini awo. Ta ce in ban kiyaye ba, ciwon da ya kwantar da ke shi zai kwantar da ni. Yarana uku, Umma. Ƙaramar, Ummi mai sunanki, ba a daɗe da yaye ta ba.

Kin san yadda Sallah take a wurinmu. Ranar farko suyar naman layya, washegari mu bar Wudil mu nufi Utai, gida-gida, ko'ina a dire mana tuwon shinkafa da miyar taushe, ga waina, ga lemon kwalba. Ke kika koya mana ba a mayar da kwano da saura. "Wanda ya ƙi tuwonka, kai ya ƙi," haka kike cewa. Ni kuwa na riƙe karatun nan fiye da na allo.

Bana na sauya. Naman da nake soyawa in cika tukunya mu yi wata muna ci, na rabar da mafi yawansa tun yana ɗanye. Da safe nakan taka da ƙafa har gada in dawo, maƙwabta suna tambaya ko lafiya. Zoɓona babu suga, yara sun ce magani nake dafawa.

Duk wannan bai ba ni wahala ba. Gidan ƙanwarki Inna Hansai nake tsoro. Ta yi miyar taushe irin taki, ta kwarara man shanu, ta cika mini kwano ta zauna tana kallona. Na yi 'yan lomomi na janye hannu. Fuskarta ta sauya, ta tambaye ni ko aikin gwamnati ne ya sa na raina girkin ƙauye. Kunya ta kama ni har na sake miƙa hannu. Sai na fasa, na faɗa mata abin da likita ta ce.

 Sannan ta gaya mini abin da kika ɓoye mana. Ashe tun shekaru kafin ki kwanta an hana ki maiƙo da zaƙi, ita kaɗai ta sani. Kowace Sallah kina bin gidajen nan kina cinyewa don kada ran wani ya ɓaci, ki dawo ki kwanta ki ce mana gajiya ce.

Na ji haushinki, Umma, ba zan ɓoye ba. Duk gidajen da kika ji kunyarsu suna nan, ana ta girki, ke ce babu.

Inna Hansai da hannunta ta ɗauke kwanon daga gabana. Ta tsigo zogale a tsakar gida ta dafa, ta yi mini kwaɗo, tana haɗawa tana share hawaye da bakin zane. Shi kam na cinye shi tas.

Ki yafe mini, wannan karatun naki guda ɗaya ba zan koya wa jikokinki ba. Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ni kuma ya ara mini kwana in ga girman Ummi, in ba ta labarinki da bakina.

'Yarki mai kewarki,
Rabi