Dokin Ƙofar Gidanmu

Zuwa ga ƙanwata Rabi, a duk kasuwar da motarku ta tsaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Habu, da tayoyin gidanku guda huɗu. Na rubuta a nan intanet inda kowa zai gani ne saboda ba ki da adireshi, kuma na lura hakan bai taɓa hana ki barci ba.

Shekara biyu ke nan da kuka sayi tsohuwar bas, Habu ya cire kujerun, ya shimfiɗa katifa, ya kafe keken ɗinkinki na hannu a jikin taga. Sola a sama, risho a ƙasa, labule mai furanni. Gari ya ɗauki salati: wai gurguwa za ta tare a mota. Da yake ni ce na je jami'a, ni na fi kowa iya jero illolin abin: zafi, banɗaki, tsaro. Kika bari na gama tsaf, kika ce, "To Yaya Safiya, an gode da lacca."

Kin tuna sunan da ake kirana da shi? Ƙafar Rabi. Tun da shan inna ya kama ki, bayana ne motarki. Ina goye da ke muke ratsa gonakin gero zuwa Islamiyya, kina jan kunnena na hagu in za mu yi hagu. Duk matar da muka wuce sai ta sa mini albarka. Ban taɓa gaya miki ba: daɗin albarkar nan nake ji. Ko da na gama karatu na ƙi aikin birni na dawo koyarwa a ƙauye, cewa na yi saboda ke. Amsa ce mai kyau, ba mai ƙara tambaya bayanta.

Baba ya gina dokin ƙofar zaurenmu da tsayi don kada ruwan damina ya shigo. Shekara da shekaru ba wanda ya ga kekenki na guragu ba ya iya haye shi, tunda ga Safiya. Sai ga Habu, da yammaci ɗaya, ya ɗaura wa ƙofar bas katako, kina hawa kina sauka da kanki. Katako ɗaya, Rabi. Shi ya karɓe mini aiki.

Ina ganin hotunanki a waya. Yau Makoda, jibi Minjibir, mata sun yi layi da atamfofinsu, kina tsakiya da tef ɗin awo a wuya kamar wata hakima. Nakan buɗa hoton da yatsu biyu ina neman gajiya a fuskarki. Na san motar ta taɓa kafewa a taɓo kuka wuni a daji. Na san bayanki na ciwo, kuma sai kin yi sallama a gidan da ba ki sani ba kafin ki yi wanka. Nakan jero waɗannan don in samu sauƙi. Ba na samu. Ni mai ƙafa biyu, tafiyata daga gida ce zuwa makaranta, sai kasuwar Tsanyawa in gishiri ya ƙare.

Watan jiya da kika zo, lungunmu bai ci motar ba, kuka ajiye ta gindin darbejiya. Kika turo kekenki har bakin zaure, kika tsaya a inda kika saba tsayawa. Na ji sallamarki. Na ji Habu ya ce bari ya ɗaga ki, kika ce, "Ba wanda zai ƙara ɗaukata." Umma ta fito da tabarma kuka yi hirarku a waje. Ta ce miki kaina ke ciwo. Lafiyata lau. Ina zaune a ɗaki da jan biro a hannu, ina jira ki ce, "Yaya, zo ki shigar da ni." Har aka kira la'asar ba ki faɗa ba, ni kuma ban fito ba.

Rigar da kika ɗinka kika bar mini ta zauna ɗas, ba ki ko gwada ni ba. Da na yi mamaki, Umma ta ce, "Wa ya kai ta sanin faɗin bayanki?"

Shekaranjiya na kira magini ya fasa dokin ƙofar, ya kwantar da shi da siminti. Umma ta ce ruwa zai cika zaure. Na ce ya cika, akwai tsintsiya.

Ban daina kishinki ba, kada ki ɗauka siminti ya yi wannan aikin. Amma in kun zagayo, ki shigo da kanki, ki same ni har ɗaki ki yi mini faɗa. In kuma akwai wuri kusa da keken ɗinkin, ki ɗauke ni zuwa kasuwa ɗaya kawai. Ba ni da nauyi sosai, kuma ba zan ja miki kunne ba.

Allah ya tsare hanyarku, ya sassauta miki ciwon baya, ya raba tayoyinku da ƙusa, ni kuma ya wanke mini zuciya.

Taki,
Yaya Safiya, ƙafar da ta yi ritaya.