Bokitin Na'ana'ar Inna

Ƙofar Sauri, Katsina

Zuwa ga ƙanwata Rakiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, da maigidan da yara da mutanen Zariya. Mu nan sai godiya.

Direban da ya kawo takardar nan zai ba ki bokiti. Kada ki jiƙa wanki a ciki, na san halinki. Bokitan fenti biyu ne, ɗaya cikin ɗaya. Na cikin na huda gindinsa da ƙusa mai zafi, na zura tsumman atamfa ya zama lagwani, na cika shi da ƙasa da taki. Na wajen shi ke riƙe ruwa. Ki zuba ta bututun da ke tsaye a gefe har ya fara tsiyaya ta hudar da ke ƙugunsa, sai ki manta da shi. Lagwanin zai riƙa jan ruwa sama kamar yadda na fitila ke jan kananzir. Shuka sai ta yi mako ba ta nemi kowa ba.

Saboda Inna na ƙera shi. Kin san tun rasuwar Baba kullum sai na bi ta Ƙofar Marusa bayan Asuba na ba na'ana'arta ruwa, tunda gwiwarta ba ta bari ta ɗauki bokiti. Mutum da girmansa, mataimakin darakta guda, yana tsallake kwata da buta a hannu saboda ganyen shayi! Yanzu na dasa ta duka a bokitai irin wannan, Asabar zuwa Asabar ta wadatar. Mutanenmu ba abin da suke so irin wahala. In ka rage musu ita, sai su ga kamar ka zage su.

Ki shuka wani abu a naki, ko kya waye. Wassalam.

Yayanki, Sammani

*

Tudun Wada, Zariya

Yaya Sammani,

Wa alaikumus salam. Na gaishe ka da kyau, ranka ya daɗe mataimakin darakta. Ina gaida Maryam da yara.

Ga bokitinka nan na maido. Na duba shi ciki da waje, aiki ya yi kyau, Allah ya ƙara basira. Ashe duk karatun da Baba ya yi maka, a gindin bokitin fenti zai fito. Ban san ban-ruwan na'ana'a ya fi ƙarfin darakta ba, da na roƙi gwamnati ta ba ka mataimaki na musamman.

Tambaya ɗaya gare ni. Da ka jera mata bokitan a tsakar gida, ka ce sai Asabar, Inna me ta ce?

Ka huta lafiya, tunda hutun kake nema.

Ƙanwarka, Rakiya

*

Ƙofar Sauri, Katsina

Rakiya,

Salamu alaikum. Gida lafiya, muna gaishe ku.

Baƙar magana dai ba ki bar ta ba. Mai zuwa gida daga Sallah sai Sallah, da lemo a leda, ita ce za ta koya mini kula da uwa. Ki ci gaba da wa'azi daga Zariya, ba ya cin kuɗin mota.

Kin tambayi abin da Inna ta ce. Ta ce “to”. Yaushe ta taɓa ce mini abin da ya fi “to”? Ni ne ɗan fari, sai aka ce kunya. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In na durƙusa ina gaishe ta, bango take kallo. Ta turo mini kofin shayi ba tare da ta ɗago ba, ta juya tana yi wa kaji magana. Wannan al'adar ban ga abin da ta tsinana wa kowa ba, kuma abin yana yi mini ciwo, in kina son gaskiya. Zuwana da rashinsa duk ɗaya ne a wurinta. Ruwa take so a ba shukarta, ga ruwa nan yana ba da kansa.

Ki zo ki ga na'ana'ar. Ta yi kore shar, ganye kamar kunnen tunkiya. Ba ta taɓa yin kyau irin na yanzu ba.

Sai wata rana.

Sammani

*

Tudun Wada, Zariya

Yaya,

Sallama da gaisuwa irin ta girma, tunda kai ne babba, ko da yake abin bai nuna ba.

Da Sallar da ta wuce, da idona na ga Inna ta ɗauko bokiti cike daga bakin rijiya har madafi, ko nishi ba ta yi ba. Gwiwar nan da safe kawai take ciwo, kuma kai kaɗai take yi wa. Ka yi digiri har biyu ba ka gane wannan ba?

Matar da ba ta iya kiran sunanka, ta yaya za ta buɗe baki ta ce ka zo ina son ganinka? Ni auta ce, tana iya kirana ta ce ta yi kewata. Kai ba ta da wannan hanyar, sai ta ce na'ana'a na jin ƙishi. Ita ke nan ƙofar da ta rage mata, kai kuma ka zo da ƙusa mai zafi da tsumman atamfa ka toshe ta, har kana aiko mini samfuri.

Suwaiba maƙwabciyarta ta ce har yanzu kullum bayan Asuba sai ta dafa shayi kofi biyu, ta shimfiɗa tabarmar nan ta bakin ƙofa. In hantsi ya yi ta zubar da ɗaya. Na yi kuka da na ji, kuma na raina wayonka.

Allah ya ƙara wa na'ana'arka kore.

Rakiya

*

Ƙofar Marusa, Katsina

Auta,

Salamu alaikum. Suwaiba ke rubuta mani. Ina gaishe ki, da maigidanki da jikokina. Allah shi yi maku albarka.

Bokitan nan na ba da su, maƙwabcinmu Malam Gwadabe ya kai masallaci. Abin da ba ya neman kowa, mi zan yi da shi a gidana?

Na'ana'ar na cire saiwa ɗaya na sa a tsohon kaskon nan mai tsaguwa. Ba ya riƙe ruwa, kafin azahar ya bushe. Ita kaɗai ta rage daga irin da babanku ya shuka. Jiya ba wanda ya ba ta ruwa, yau ta fara langaɓewa. Ni dai ba zan taɓa ta ba.

Kada ki hwaɗa ma yayanki. In kuma kin hwaɗa, kada ki ce ni na ce.

Innarku