Kazar Surukin Baba Adamu

Talata da dare, Gadarif

Yau munzar ɗin Baba Adamu na garin Basunda bai yiwu ba. Jiya da bakina na yi masa bayani: kafin munzar, wato leƙa hanji da na'ura, sai ya sha maganin wanke ciki, ban da abinci, ruwa kawai. Ya ce ya ji. Da safe daktor ya duba, hanji cike.

Na ce, "Baba, me ka ci?"

Ya sunkuyar da kai. "'Yata, gidan surukina na sauka, ya yanka min kaza. In ce ba na ci?"

Mutumin da ya daɗe yana ganin jini a bayan gida, ga ridi ya baro a gona ba a yanka ba!

Na ce gobe ya zo da surukin. Shugabarmu ta ce aikina mara lafiya ne, ba danginsa ba. To, ta kai ƙarata duk inda za ta kai. Mai ciki ya ji magana, mai tukunya ne bai ji ba. Gobe shi zan zaunar. In karamci yake so, ya riƙe kazarsa sai an gama.