Jan Fenti a Katangarmu

Daren Talata, tsakiyar damina

Yau mutanen furoje, wato aikin tallafin Turawa, suka zo unguwarmu Dar es Salam a nan Yamai, wai za su ƙarfafa gidajen laka kada ruwa ya kwashe su. Injiniyansu ya ƙwanƙwasa katangarmu, ya zana mata gicciye da jan fenti.

A Yamai har yara sun san gidan da za a rushe ake yi wa wannan alama.

Na kira shi yadda muke kiran 'yan boko da Faransanci, na ce, "Mushe, me ke nan?" Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, alamar gyara ce kawai."

Haka aka gaya wa ƙanena kafin katafila ta tashi rumfarsa.

Inna ta ɗaure kayanta tun la'asar, ko tuwo ta ƙi ci. Bayan isha'i na kwaɓa laka na shafe fentin tas. In gyaran ne da gaske, ai sun ga ƙofa, su yi sallama.