Ɗigo Uku a Kan Teburin Baba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya ciwon bayan nan, ya lafa? Mu nan lafiya lau, sai Umma da ke cewa kin manta da ita. Tunda waya ba ta kamawa a asibitin da aka tura ku, zan riƙa ba direban motarku wasiƙa.

Na gode da alkawarin kyamarar da kika ce kyautata ce ta gama jami'a. Na je wurin Mai shago, abokin maigidanki mai sayar da kyamarori, ya ba ni guda biyu in gwada, in zaɓi ɗaya in mayar da ɗaya. Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba.

Ta farko babba ce, irin wadda suke kira marar madubi, ta masu koyo. Ana cire gilashin gabanta a sa wani, kuma ya haɗa mini da gilashi biyu, na ɗaukar abu gaba ɗaya da na matsowa kusa. Sensarta, wato farantin ciki da ke karɓar haske, tana da faɗi, saboda haka tana gani ko a wuri mai duhu. Amma tana da nauyi, tana shan batir, kuma maɓallanta sun yi mini yawa. Ta biyu ƙarama ce, tana shiga aljihun jakata, gilashinta a manne yake. Ki nuna ki danna, shi ke nan. Sai dai na gwada ta a shagon kafintan Baba, kin san yadda yake da duhu, hoton ya fito dishi-dishi, katako ya koma ruwan ƙwai.

Ga abin da ya sa nake tsoron kuskure. Shugabar wata makaranta tana son teburan ɗakin karatu, aiki babba irin wanda Baba da Kawu suka daɗe ba su gani ba. Na ji Baba yana gaya wa Umma cewa in wannan ya kuɓuce, zai mayar wa mai gini mabuɗinsa. Shugabar ta ce a yi tebur ɗaya na gwaji, a ɗauki hotonsa tun katakon yana fari, kafin a shafa fenti, domin wani kafinta ya taɓa ɓoye musu ruɓaɓɓen katako a ƙarƙashin fenti. Da hotunan kwamitinsu zai yanke shawara.

Baba ya ce, “Auta, ke da kika yi karatu, wannan naki ne.” Kawu kuwa dariya ya yi, ya ce da digiri da na'ura biyu, in hoto bai yi kyau ba sai a mayar da ni aji ɗaya.

Ki taya ni da addu'a. Ki shafa mini kan yara.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata duk kuna lafiya. Ki gafarce ni, gaisuwata gajeriya ce yau.

Da babbar na ɗauki hotunan. Na goge teburin, na buɗe ƙofar shago don haske, na tsuke ƙofar hasken kyamarar yadda hoton zai fito tas daga wannan gefe zuwa wancan. Na fara da gilashin nesa, na canza zuwa na kusa don a ga jijiyar katakon, sannan na mayar da na farko. Kawu yana can gefe yana goge ƙafafun kujera da inji, yana tsokanata wai na fi likita tsantseni. Na duba hotunan a ƙaramin allon kyamarar, na ga sun yi kyau, na tura. Da yammar ranar Kawu ya shafa wa teburin fenti mai duhu, shi kaɗai, domin kin san rabon aikinsu: Baba ya yanka ya haɗa, Kawu ya sayo katako ya yi gamawa.

Jiya ɗan aiken makarantar ya kawo ambulan. Shugabar ta sa an buga hotunan manya-manya, ta zagaye wasu baƙaƙen ɗigo da jan biro, ta rubuta a ƙasa: “Ƙwaro ya huda katakon nan. Mun dakata.”

Baba ya sa tabarau ya daɗe yana kallo. Ya je ya shafa saman teburin da tafin hannunsa, sumul, babu rami ko ɗaya. Na ɗauka hakan zai kwantar masa da rai, ashe shi ne ya tayar da wutar. Ya ce ai ya san abin da aka yi. Ana kwaɓa gam da garin katako a toshe ramin ƙwaro, a goge, a bi da fenti mai duhu, ko mai katakon ba zai gane ba. Ya ce shi idonsa ya yi rauni, shi ya sa aka yi masa haka a cikin shagonsa.

Kawu ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, “Maigida, ni kake gaya wa wannan?” Baba ya ce, “Waye ya sayo katakon, waye kuma ya yi saurin shafa fenti?” Yaya, tun ina ƙarama nake jin suna zagin juna da wasa, amma ban taɓa jin muryar Kawu ta yi ƙasa haka ba. Ya kwance rigar aikinsa ya rataye a ƙusa, ya tattara burushinsa da gwangwanayensa a buhu, ya fita bai yi sallama ba.

Umma ta rasa inda za ta sa kanta, ga miji ga ƙane. Ta zuba wa Baba abinci ta koma kicin ta zauna. Ni kuma ina ta tunani, na kalli katakon nan da idona kafin fenti, ban tuna na ga rami ba. Amma ban rantse ba, domin haske da tsaftar hoto nake lura da su, kuma ba na son in faɗi abin da ban tabbatar ba.

Ki kira Umma in kin samu waya ta kama.

Taki,
Auta

*

Yayata,

Assalamu alaikum. Na samu saƙonki a hannun direba, na ji daɗi da zazzaɓin ƙaramin ɗanki ya sauka. Allah Ya ƙara sauƙi.

Na gano abin da ya faru, kuma daga wurina ne.

Da safe na shimfiɗa hotunan a kan gadona don in ƙirga ramukan. Sai na lura kowane hoton da ta zagaye ɗigo uku ne, kuma duk a sama ta hannun dama. Na ɗora hoto a kan hoto na ɗaga su a taga, jan biron ya hau kan jan biro daidai. A hoto ɗaya ma, ɗigo na uku ba a kan tebur yake ba, a kan bangon da ke bayansa yake. Ƙwaro ba ya huda siminti, Yaya.

Na ɗauki farar takarda na yi mata hoto da babbar, na tsuke ƙofar haske kamar ranar. Ɗigo uku, a wurinsu. Na yi da ƙaramar, fari tas. Na cire gilashin na haska ciki da fitilar waya, ga garin katako nan zaune a kan sensa. Irin wannan kyamarar, da zarar an cire gilashi sensarta a buɗe take, babu abin da ya tare ta. Ni kuma sau biyu na buɗe ta, Kawu yana tayar da ƙura da inji a gefena. Na karanta komai a kan batir da haske, wannan layin ne kawai ban ɗauke shi da muhimmanci ba.

Na ruga shago na nuna wa Baba. Bai ma karɓi kyamarar ba. Ya ce, “Uwarki ce ta aiko ki ki wanke ɗan'uwanta?” Na ce wallahi Umma ba ta sani ba. Ya ce shi katako ya sani, bai san sensa ba, kuma katakon ne zai ba shi amsa. Ya ɗauki ƙarfen kankara ya nufi teburin. Na riƙe hannun rigarsa na ce shi kaɗai ne na gwajin da muke da shi. Ya ce in sake shi.

Ya kankare fentin tun daga kusurwar dama har kusan tsakiya. Fari sol, babu rami, babu gam. Ya ƙara kankarewa, ya ƙara. Daga baya ya ajiye ƙarfen ya zauna a kan benci, ya cire tabarau ya riƙe. Yanzu teburin ya lalace, kuma Baba bai iya haɗa launin nan ba, Kawu kaɗai ya san yadda yake kwaɓa shi.

Na kira Kawu, bai ɗauka ba. Na je gidansa, matarsa ta ce ya fita neman rumfar haya.

Ga kuma Mai shago ya aiko in yanke shawara, yana da mai son duk wadda na bari. Da na gaya masa abin da ya faru, ya ce in kawo babbar ya hure ta da famfon roba, in ɗauki ƙaramar in huta, ita ba a buɗe ta. Na so in yarda, domin ko ganin babbar ba na son yi. Amma na tambaye shi ko ƙura ba ta shiga ƙaramar. Ya ce tana shiga ta gefen gilashi in yana fita yana komawa, kuma in ta shiga sai an kwance kyamarar gaba ɗaya. A shagon kafinta zan yi aiki, ƙura ba za ta ƙare ba. Sannan in na mayar da babbar aka hure ta, shaidar Kawu ta tafi.

Saboda haka na mayar da ƙaramar. Babbar na zaɓa, kuma na hana a taɓa ƙurar. Na nannaɗe ta a tawul, ina tafiya da ita a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, kada garin ya motsa daga wurinsa. Gobe zan je makarantar. Ban sani ba ko za a bar ni in shiga.

Ki yi mini addu'a sosai.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yaya tawa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da maigidanki da yara, Umma ma tana gaishe ku, ta ce ta gode da kiran.

Shugabar ta bar ni a benci har ta gama da iyayen yara. Da na shiga, duk bayanin da na shirya ya gudu daga kaina. Sai kawai na ɗauki hoton farin bangon ofishinta na faɗaɗa, ga ɗigon uku a kai, na miƙa mata, na ajiye hotunanta masu jan biro a gefe. Ta kalli wannan ta kalli wancan, ta tashi ta je ta shafa bangon da yatsa. Ta ce, “Yarinya, kin san kin kusa sa in ba wani aikin nan?” Na ce na sani. Ta ce aikin namu ne, amma sai an gyara na gwajin kwamiti ya gani a ƙarshen mako, kuma launin nan mai duhu take so, ba wani ba.

Matsalar ita ce, launin yana hannun mutumin da ba ya ɗaukar wayarmu.

Na gaya wa Baba. Ya ce to. Na ce ko zai je gidan Kawu. Ya ce yana da yanka da zai gama. Ya kunna zarto, alhali na ga babu komai a kan bencin. Umma ce ta yafa mayafi ta fita, ba ta nemi izinin kowa ba. Ban san abin da ta gaya wa ƙanenta ba, amma bayan la'asar sai ga su tare, Kawu babu buhun kayansa, hannu a aljihu.

Ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi shigowa. Ya kalli teburin da aka kankare ya daɗe. Baba ya fito daga ciki da farar rigarsa ta zuwa masallaci, ya tsaya shi ma. Babu wanda ya gaishe da wani. Na ji kamar in nutse. Na fara bayani a kan sensa da ƙofar haske, Kawu ya ɗaga mini hannu.

Ya ce, “Auta, ba na jin wannan yaren. Kin ce duk abin da aka ɗauka fari, ramukan suna fitowa?” Na ce eh. Ya ce, “Miƙo kyamarar.”

Na saita masa na nuna masa inda zai danna. Ya ɗaga ta ya nufi Baba, ya matso har rigar ta cika allon, ya danna. Na faɗaɗa masa hoton. Ga su nan uku, baƙi wuluk, a kan kafaɗar Baba. Kawu ya girgiza kai kamar mai jaje, ya juya allon ya nuna wa Umma, ya ce, “Yaya, ashe mijin nan naki ƙwaro ya gama da shi. Waye ya sayo miki shi?”

Umma ta toshe baki da mayafi. Baba ya karɓi kyamarar ya sa tabarau, ya kalli kafaɗarsa a allo, ya kalli ta jikinsa, har ya kai hannu ya kakkaɓe. Sannan ya ce, “To ai kai ne mai gamawa. Sai ka toshe ka shafa fenti.”

Kawu ya ce, “Wannan tsohon katakon ba ya karɓar fenti.” Ya tsallako ƙofar, ya duƙa ya shafa inda aka kankare, ya yi tsaki, ya ce wanda ya yi wannan aika-aikar shi zai riƙe masa gwangwani. Da na baro su, Baba yana riƙe da gwangwanin, Kawu yana yi masa faɗa wai bai iya motsawa ba.

Na gode da kyautarki, Yaya. Ki gaishe mini da kowa da kowa, Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta